Motar Kai Yara Makaranta Ta Zama Abin Yayi a Amurka

A watannin Yuli da Agustan shekarar 2009, gwamnatin Amurka ta riƙa biyan mutane kuɗi domin su kawo motocinsu a kashe. Lokacin tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe, kamfanonin General Motors da Chrysler duk sun karye sai da gwamnati ta tallafe su, dillalan motoci kuma suna zaune babu ciniki. Sai majalisa ta ware dala biliyan 3 da wani sharaɗi mai sauƙin fahimta: ka kawo tsohuwar motarka mai shan mai, a rage maka dala 3,500 ko 4,500 a kan sabuwa, amma tsohuwar ba za ta sake hawa titi ba. Bakanike zai juye baƙin man injin, ya ɗura wani ruwan sinadari a madadinsa, ya tayar da motar ya danna totur har injin ya ƙame. Daga nan sai wurin masu markaɗe ƙarfe.

Motoci kusan 700,000 aka yi wa haka cikin 'yan makonni. Wadda aka fi kawowa ita ce Ford Explorer, kuma cikin goman farko akwai Jeep Grand Cherokee da Jeep Cherokee da Chevrolet Blazer. Wato motocin jif ɗin nan da iyalan Amurka suka shekara suna kai yara makaranta da su, suna zuwa cefane, suna tafiya hutu. Ba mutane da yawa suka yi musu kuka ba. Shekara guda kafin nan farashin fetur ya haura dala 4 a galan, kowa na ganin waɗannan manyan motoci kuskure ne na zamanin araha, kuma gara a rabu da su.

Yau labari ya sha bamban. Tsohuwar Jeep Grand Wagoneer da aka gyara tsaf tana iya haura dala 100,000 a gwanjo, kuɗin da ya ninka farashinta tana sabuwa sau da yawa. Matasa suna neman Chevrolet Suburban ta shekarun 1980 da 1990 ruwa a jallo. A garejoji da wuraren bajekolin motoci kuwa an buɗe wata muhawara da ba ta ƙarewa: shin motar da mahaifiyarka ta kai ka makaranta a cikinta, wadda ka zubar da madara a kujerarta, za ta iya zama motar burgewa?

Mai karatu zai iya cewa wannan gardamar waɗanda suka ƙoshi ce. Akwai gaskiya a ciki, amma a Amurka mota ta wuce abin hawa. In ka fita daga 'yan birane kaɗan irin su New York, mutumin da ba shi da mota kusan ba shi da ƙafa. Yaro yana samun lasisi tun yana ɗan shekara 16 a yawancin jihohi, kuma motar da ya shiga harabar makaranta da ita tana cikin abubuwan farko da za a auna shi da su. Saboda haka in suna gardamar wace mota ce ke burgewa, a gaskiya suna gardama ne a kan waye su, da irin gidan da suka fito. Ni dai amsata ita ce e, tsohuwar jif ɗin iyali ta cancanci sunan. Sai dai ba kowacce ba, kuma akwai bashi a kanta da bai kamata a manta ba.

Gudun motar iyaye

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, iyalan Amurka sun yi ta ƙaura zuwa sababbin unguwanni a bayan gari, inda ko burodi za ka saya sai ka tayar da mota. Motar iyali a lokacin ita ce doguwar wagon, irin fasalin Fijo 504 mai dogon baya da aka riƙa haɗawa a Kaduna, sai dai ta Amurka ta fi ta tsawo da faɗi nesa ba kusa ba. Yaran da suka girma a bayan wagon, da suka zama iyaye, suka ce su kam ba za su hau motar tsofaffinsu ba.

A watan Nuwamban 1983 kamfanin Chrysler, ƙarƙashin Lee Iacocca, ya fito da ƙaramar bas ta iyali, Dodge Caravan da Plymouth Voyager. In dai amfani ake nema, babu motar da ta kai ta: ƙofa mai zugewa, daɓe ƙasa-ƙasa da yaro zai hau ba tare da an ɗaga shi ba, kujeru bakwai, shan mai daidai misali. Ta yi kasuwa sosai. Amma cikin shekaru goma ita ma ta ɗauki tambari. Magidancin da aka gani yana tuƙa ta, an san ya sallama ƙuruciya, rayuwarsa ta koma tsakanin ofis da kanti da filin wasan yara. Mutane da yawa suna buƙatar wannan mota, amma ba sa son a gan su a ciki.

Wannan giɓin ne jif ta cike. Jeep Cherokee ƙarama mai ƙofa huɗu ta fito a 1984, ta nuna cewa akwai masu saye. A 1990 Ford ya ɗauki shasin akori-kurarsa mai suna Ranger, ya ɗora masa bodi mai ƙofa huɗu da kujeru masu laushi, ya kira ta Explorer. Tallarta kullum a kan tsauni ko bakin ƙorama, alhali yawancin masu ita ba sa sauka daga kwalta. Abin da aka sayar musu shi ne jin cewa in sun ga dama gobe za su iya barin komai su shiga daji. A 1993 aka ga motar a fim ɗin Jurassic Park da fentin kore da rawaya, yara a duk duniya suka haddace kamanninta. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 ana sayar da sama da 400,000 a shekara.

Doka ma ta taimaka, ko da yake ba da niyya ba. Bayan takunkumin man da ƙasashen Larabawa suka saka a 1973, Amurka ta kafa doka a 1975 da ke tilasta wa kamfanoni rage shan man motocinsu. Ƙananan motoci aka ɗora musu mil 27.5 a galan, kimanin kilomita 12 a lita. Motocin aiki irin na manoma da 'yan kwangila kuwa aka sassauta musu, a tsakiyar shekarun 1990 mil 20.7 kawai ake nema. Da yake an gina jif a kan shasin akori-kura, sai ta faɗa rukunin motocin aiki, ko da kuwa aikinta kai yara makaranta ne. Ga sauƙin doka, ga sauƙin ƙira tunda shasi da injin duk suna nan, ga riba mai kauri a kan kowace guda, ga fetur da a ƙarshen 1998 ya sauko kusan dala ɗaya a galan. Kamfanonin motocin Amurka ba su yi wata-wata ba. A 1996 General Motors ya daina ƙera manyan wagon ɗinsa na ƙarshe, Buick Roadmaster da Chevrolet Caprice, ya mayar da masana'antarsu ta Arlington a jihar Texas wurin ƙera manyan motocin jif. Har yau aikin da take yi ke nan.

Abin da ya biyo baya ba wuyar hasashe. Motar da kowane gida ke da ita ba ta daɗewa tana burgewa. Zuwa shekarar 2000 jif ta gaji tambarin da aka saye ta domin a guje masa, ta zama motar iyaye.

Suburban, wadda ba ta taɓa neman yabo ba

Akwai guda ɗaya da ta riga duk wannan hayaniya, kuma ita ce a ganina ta fi kowacce hujja. Chevrolet ya fara ƙera Suburban a 1935, kuma bai taɓa daina amfani da sunan ba, abin da ya sa babu sunan mota a duniya da ya kai shi daɗewa ba yankewa. Farkonta motar ɗaukar ma'aikata ce da kayansu, bodin ƙarfe a kan shasin ƙaramar motar kaya. Daga 1967 zuwa 1972 ƙofofin gefenta uku ne, ɗaya a wajen direba, biyu a ɗaya ɓangaren, domin fasinja su sauka ta gefen da babu motoci. A 1973 aka fito da samfurin da masoyanta suka fi ƙauna, mai kusurwoyi a miƙe da gilasai manya, aka kuma bar shi kusan yadda yake har 1991. Shekara goma sha tara ke nan da siffa ɗaya, a ƙasar da aka saba sauya fuskar mota kowace shekara uku ko huɗu.

Wa ke sayenta? Mai 'ya'ya shida. Makiyayin da zai ja tirelar dawakai. Ma'aikatan rijiyoyin mai, da 'yan kwana-kwana, da coci-coci, da masu aunon ƙasa. Tana ɗaukar mutum tara, kuma a bayansu akwai sauran wurin kaya, abin da kusan babu wata mota da ke iya yi. A Texas ta yi farin jinin da har mujallar Texas Monthly a 1986 ta naɗa ta motar ƙasa ta jihar. Daga baya jami'an da ke gadin shugaban ƙasa suka mayar da baƙar Suburban mai baƙin gilas wani ɓangare na jerin gwanonsa, sai masu shirya finafinai suka ɗauka. Duk fim ɗin da aka ga layin baƙaƙen Suburban sun karyo kwana, an san hukuma ta iso. A wasan talabijin na The Sopranos, shugaban 'yan daba Tony Soprano da Suburban ta 1999 ya fara, kafin ya koma Cadillac Escalade. A watan Disamban 2019 ƙungiyar 'yan kasuwar Hollywood ta ba motar tauraron karramawa saboda fitowa a finafinai da shirye-shirye sama da 1,750.

Abin da ke jan hankalina game da ita shi ne ba ta yi wa kowa ƙarya ba. Explorer ta yi wa mai ita alƙawarin tsauni, ta ƙare a bakin kanti. Suburban cewa ta yi za ta ɗauki mutane da kaya ta ja tirela, kuma abin da ta yi ke nan shekara tamanin da ɗoriya. In ka ga ta 1988 a yau, fentinta mai launi biyu ya koɗe, ƙofofin bayanta biyu suna buɗewa gefe da gefe, kujerar gaba doguwa ɗaya daga ƙofa zuwa ƙofa, kwarjinin da za ka gani na abin da ya yi aiki ne ya kuma rayu. Ba a sayen wannan a shagon kayan ado.

Labarin Jeep Wagoneer daban ne, domin ita tun tana raye motar masu hali ce. Ta fito a samfurin 1963, zanen Brooks Stevens, aka yi ta ƙera ta a Toledo ta jihar Ohio har 1991. Kamfanin ya sauya hannu daga Kaiser zuwa American Motors a 1970, daga nan zuwa Chrysler a 1987, amma bodin bai sauya ba. Daga 1984 aka kira mafi tsadarta Grand Wagoneer: kujerun fata, kafet mai kauri, gefuna kuma an lulluɓe su da leda mai kamar katako. Injinta mai silinda takwas yana aiki da kafireta har ranar ƙarshe, lokacin da kusan kowa ya koma sabuwar fasaha, kuma da ƙyar take yin kilomita biyar a lita. Likitoci da lauyoyi da masu gidajen hutu a gaɓar tekun arewa maso gabas su ne masu ita. Da aka daina ƙera ta, wani tsohon mai harkar shanu a garin Kerrville na Texas, Leon Miller, ya fara sayen masu lafiya yana gyarawa yana sayarwa, ya kafa kamfanin Wagonmaster tun farkon shekarun 1990. Ya hango abin da kasuwa ba ta hango ba sai bayan shekara ashirin. A 2021 Jeep da kansa ya dawo da sunan Grand Wagoneer a kan sabuwar mota, a shekarar da Ford ma ya dawo da Bronco bayan ya binne ta tun 1996.

Yaran kujerar baya sun girma

Me ya juya lamarin? Abu na farko shekaru ne, amma na mutane. Yaron da aka haifa a 1985, wanda ya yi barci a kujera ta uku a hanyar zuwa gidan kakarsa, yanzu ya kai arba'in ko ya kusa, yana da albashi, yana da 'ya'yansa. Iyayensa da suka samu kuɗi Mustang da Camaro na shekarun 1960 suka nema, domin su ne motocin ƙuruciyarsu. Shi kuwa ƙuruciyarsa a bayan Suburban ya yi ta. Ba ƙarfe yake saye ba, ƙamshin kujerar yake nema, da ƙarar rufe ƙofar, da mahaifinsa yana matashi a bayan sitiyari. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma a wannan batu akwai dalilin da ya sa bana ba ta yi wa da yawansu daɗi ba.

Matsakaicin farashin sabuwar mota a Amurka ya kusa dala 50,000. Motocin da ake sayarwa kuma sun yi kama da juna ƙwarai: duk masu ɗan tsayi, duk masu zagayayyun kusurwoyi domin iska, galibi fari ko baƙi ko ruwan toka, duk da allon taɓawa a tsakiya wanda ko sanyin mota za ka rage sai ka shiga cikinsa. In fitilar gargaɗi ta kama, sai an kai wa mai kwamfuta. Tsohuwar Suburban ko Chevrolet Tahoe ta 2000 zuwa 2006 kuwa, mai injin lita 5.3, mutum da akwatin sifanoni da haƙuri zai iya yi mata yawancin gyara a ƙofar gidansa. An ƙera irin injin nan miliyoyi, kayan gyaransa suna kowane gari, kuma ganin wanda ya yi mil 300,000 ba abin mamaki ba ne. Haka injin lita 4 mai silinda shida a jere na Jeep Cherokee, wanda makanikai ke yi wa kirari da cewa bodi zai ruɓe ya bar shi yana aiki. Ga matashin da bai taɓa mallakar abin da zai iya kwancewa ya mayar da hannunsa ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai ƙaranci. Shirin 2009 ya cinye dubbai. Tsatsa ta cinye fiye da haka, domin a jihohin arewa irin su Michigan da Ohio gishiri ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara, shi kuwa gishiri ƙasan mota yake ci a hankali har shasi ya huje. Sauran kuma an yi ta mora har suka mutu, tunda ba wanda ya taɓa tunanin ajiye motar cefane a gareji yana goge ta. Shi ya sa samun mai lafiya, ta hannun mutum ɗaya, daga busassun jihohi irin su Arizona ko Kalifoniya, ya zama abin nema.

Kasuwa ta biyo baya. Kamfanin Bring a Trailer, wanda aka kafa a 2007 ya kuma fara gwanjon motoci ta intanet a 2014, ya ba mai tsohuwar mota a ƙauyen Montana damar tallata ta ga duk ƙasar. A 2017 aka fara bikin Radwood a kusa da San Francisco, na motocin 1980 zuwa 1999 zalla, inda mahalarta ke sa tufafin wancan zamani, kuma motar cefane mai tsafta tana iya tara 'yan kallo fiye da Ferrari. Annobar korona ta 2020 ta ƙara wa abin wuta: masana'antu sun tsaya, sababbin motoci sun yi wuya, mutane sun gaji da zaman gida suna son fita daji su kwana a mota. Jihohi da dama kuma suna ba motar da ta cika shekara 25 lamba ta musamman ta kayan tarihi, wanda ke nufin motocin shekarar 2000 sun riga sun shiga sahu.

Abin da kewa ke rufewa

A nan ne nake rabuwa da masu yabon da ba ya da iyaka. Waɗannan motoci sun kashe mutane, kuma ba a ɓoye yake ba.

Jif ɗin shekarun 1990 doguwa ce a sama, nauyinta yana can bisa, kuma da yawansu ba su da faɗin da ya dace da tsayin. In direba ya karkata sitiyari da sauri, ko taya ta fashe ana gudu, sai ta kife. A shekarar 2000 asiri ya tonu cewa wasu tayoyin Firestone da aka saka wa Explorer suna ɓarewa a kan hanya, musamman a wurare masu zafi. A watan Agusta kamfanin ya janye tayoyi miliyan 6.5. Hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta Amurka ta danganta mutuwar mutum 271 da lamarin. Ford ya ce laifin taya ne, Firestone ya ce laifin ƙirar motar ne da ƙarancin iskar da Ford ya umarci a riƙa sa wa tayoyin. A watan Mayun 2001 kamfanonin biyu suka raba gari bayan hulɗar kusan shekara ɗari, Ford kuma ya sauya wasu tayoyin miliyan 13 da kuɗinsa. Cikin waɗanda suka mutu akwai iyalai a kan hanyar tafiya, mutanen da suka sayi babbar mota domin sun ɗauka ta fi tsaro.

A 2002 ɗan jaridar New York Times, Keith Bradsher, ya fitar da littafinsa High and Mighty, inda ya bayyana ɗaya ɓangaren matsalar: in babbar jif ta yi karo da ƙaramar mota, shasinta yakan haye ta, mutanen ƙaramar su ne ke biyan farashi. Ƙiyayyar ta yi zafi a lokacin. Ƙungiyar kare muhalli ta Sierra Club ta laƙaba wa Ford Excursion, wadda nauyinta ya haura tan uku, sunan jirgin dakon man Exxon Valdez da ya malalar da ɗanyen mai a Alaska a 1989. A farkon 2003 aka yi tallace-tallace a talabijin da ke cewa mai shan fetur da yawa yana taimaka wa masu ɗaukar nauyin ta'addanci. A watan Agustan shekarar wasu masu tsattsauran ra'ayi suka cinna wuta a wurin sayar da manyan motocin jif na Hummer a West Covina ta Kalifoniya.

Na'urar da ke hana mota sulɓewa da kifewa ba ta zama dole a kan duk sababbin motoci ba sai samfurin 2012, kyamarar baya kuma sai 2018. Yawancin tsofaffin da ake yayi yanzu ba su da ko ɗaya, masu shekaru da yawa ko jakar iska ba su da ita. Saboda haka mutumin da ya sayi Suburban ta 1988 domin fita ranar Asabar, ko jan tirela, ko koya wa ɗansa gyaran injin, na fahimce shi sarai. Wanda kuwa yake da halin sayen mota mai tsaro, amma ya ɗora jarirai a wannan kullum a babbar hanya domin a ce ya burge, bai yi wa iyalinsa adalci ba.

Adalci kuma ya sa a faɗi wannan: sababbin ba su wanke kansu ba. Sun fi tsare na ciki, amma gabansu ya ƙara tsayi da faɗi. Binciken cibiyar IIHS ta kamfanonin inshora a 2023 ya nuna cewa motar da bonet ɗinta ya haura inci 40 ta fi yiwuwar kashe mai tafiya a ƙasa da kusan kashi 45 cikin ɗari a kan mai gajeren gaba. In ka ajiye Explorer ta 1991 kusa da jikarta ta yau, tsohuwar ce za ta zama ƙarama, kuma direbanta ya fi ganin yaron da ke tsaye a gabansa.

Wacce ta ci, wacce ke jira

Grand Wagoneer ta riga ta wuce gardama, har ta yi tsadar da ta fi ƙarfin irin iyalan da ake tunawa da ita. Bronco ma haka, duk da cewa abin da duniya ta fi saninta da shi shi ne farar da 'yan sanda suka bi a titunan Los Angeles ranar 17 ga Yunin 1994, tsohon ɗan wasa O.J. Simpson da suke nema yana kujerar baya, mutum kusan miliyan 95 suna kallo a talabijin. Cherokee ƙarama ta samu gurbi a wajen masu hawan duwatsu. Excursion mai injin dizal lita 7.3, wadda aka fi zagi a zamaninta, yanzu masu jan manyan tireloli suna biyan kuɗi mai yawa a kanta domin tun 2005 Ford bai sake yin irinta ba. Suburban da Tahoe na kafin 2007 suna hawa a hankali, kuma su ne har yanzu mai matsakaicin ƙarfi zai iya saye.

Explorer ce ke bakin ƙofa. Ita ta fi kowacce sauya titunan Amurka, amma ta yi yawa, giyarta ba ta da suna mai kyau, wasu injinanta suna da matsalar sarƙar taimin mai tsadar gyara, ga kuma tabon Firestone. Irin su Chevrolet TrailBlazer da Dodge Durango na farkon shekarun 2000 kuwa har yanzu tsofaffin motoci ne kawai, na ɗalibai da ma'aikatan da ba su da zaɓi. Wannan rukunin bai kamata a manta da shi ba. Matsakaicin shekarun motar da ke kan titin Amurka ya kai 12.6 a 2024, kuma mafi yawan masu tuƙa tsohuwar jif ba yayi ya kai su ba, rashin kuɗin sabuwa ne. Duk lokacin da masu sha'awa suka ɗaga farashin wani samfuri, mai 'ya'ya biyar da ke neman motar dala 4,000 shi ke fara ji a jikinsa.

In ta tsallako teku

Wani kaso na waɗannan motoci ba a Amurka yake ƙarewa ba. Daga wuraren gwanjon kamfanonin inshora ake loda su a jirgi zuwa Legas da Kwatano da Lome, su bi hanya har Kano da Maraɗi da Yamai, ko da yake a Janairun 2017 Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. Sai dai ɗanɗanon kasuwarmu daban ne. Mai saye a nan Toyota yake tambaya, Highlander ko Sienna, waɗanda su ma da yawansu a jihar Indiana aka ƙera su. In ka nuna masa Explorer ko Suburban, tambaya biyu zai yi: akwai kayanta a Ƙofar Ruwa ko Panteka, kuma in na tashi sayarwa wa zai saya? Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023 tambaya ta uku ta ƙaru, wato ta kuɗin mai, domin tankin Suburban ta farkon shekarun 2000 yana cin kusan lita 117, kuma tana yin kilomita shida ne ko ƙasa da haka a lita a cikin gari.

Duk da haka akwai wanda za ta yi wa rana: mai babban iyali, mai gona a nesa da kwalta, mai jigilar baƙi. In kana cikinsu kuma ka ci karo da ita a wajen dillali da farashi mai daɗi, kada kyan fenti ya ɗauke maka hankali. Ka je da bakanikenka ya shiga ƙarƙashinta da fitila, ya duba shasi da bututun birki ko gishirin ƙanƙara ya ci su. Ku ɗaga kafet ku duba alamar laka, domin motocin da ambaliya ta shanye a Amurka suna cikin waɗanda ake turowa. Ku gwada giya da sanyi da kuma bayan ta yi zafi. Sannan ka kwafi lambar shasin nan mai haruffa da lambobi 17 da ke jikin gilashin gaba, ka sa a bincika maka tarihinta kafin ka ba da ko sisi.